Ka Saya da Kuɗinka, Ta Ƙi Buɗewa: Yadda Lasisin Manhajar Gyaran Hoto Yake Aiki

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama, 'yan ajin ƙarshe suna ta fafutukar haɗa furojek, akwai wata matsala da take kama mutane a daidai lokacin da ba su da sararinta. Mutum ya kunna kwamfuta zai ƙarasa gyaran hotunan da zai kai wa sufabaiza, sai manhajar ta ƙi buɗewa. Ta ce lasisinsa ba ya aiki, ko ta ce ya wuce adadin kwamfutocin da aka yarda masa. Abin haushin kuma, ba satar manhajar ya yi ba, da kuɗinsa ya saya.

Ni ɗalibin ajin ƙarshe ne a sashen koyon aikin jarida, kuma ina ɗan taɓa ɗaukar hoto a bukukuwan rantsar da sababbin ɗalibai da na yaye tsofaffi. Saboda haka kusan duk wanda manhajarsa ta yi masa gardama a ajinmu, wurina yake fara zuwa. Abin da na lura shi ne, yawancin waɗannan matsalolin ƙanana ne, ana iya warware su cikin rabin awa. Waɗanda kuma ba su warwaruwa, da an san yadda abin yake tun ranar saye, da ba a shiga cikinsu ba. Zan fi ba da misali da Photoshop da Lightroom na kamfanin Adobe, don su aka fi sani a nan, amma tsarin kusan ɗaya ne da na sauran kamfanoni.

Me ka saya tukuna?

Idan ka sayi kyamara, ta zama taka. Ka ga dama ka sayar, ka ga dama ka ba ƙanenka. Manhaja ba haka take ba. Wannan dogon rubutun Turancin da muke danna amincewa a ƙasansa ba tare da mun karanta ba, abin da yake cewa a taƙaice shi ne: manhajar tana nan mallakar kamfani, kai izinin amfani aka ba ka bisa wasu sharuɗɗa. Wannan izinin shi ne lasisi.

Lasisin iri biyu ne. Akwai na dindindin, wanda za ka biya sau ɗaya a ba ka lambar shaida, ka ci gaba da amfani da wannan sigar da ka saya. Akwai kuma na haya, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe. Photoshop ya yi shekara fiye da ashirin ana sayar da shi a tsari na farko. Sigar ƙarshe da aka sayar a haka ita ce CS6, wadda ta fito a 2012. A watan Mayu na 2013 Adobe ya sanar cewa duk sababbin sigogi za su koma tsarin haya mai suna Creative Cloud, a farkon 2017 kuma ya daina sayar da CS6 kwata-kwata. Lightroom ma haka, Lightroom 6 da ya fito a 2015 shi ne na ƙarshe da ake saye sau ɗaya. Hatta Photoshop Elements, ƙaramin da aka yi don masu koyo, daga sigar 2025 lasisinsa na shekara uku ne.

To ka ga ke nan, idan yau wani ya ce zai sayar maka da sabon Photoshop na har abada a kan naira dubu kaɗan, kamfanin da ya ƙera shi ma ba ya sayar da irin wannan.

Yadda manhajar take gane ka

Ranar da ka ɗora manhajar, tana tattara wasu bayanai na sassan kwamfutarka ta haɗa su wuri ɗaya, kamar dai hoton yatsa. Sai ta aika wannan shaidar tare da lambarka, ko adireshin imel ɗinka, zuwa sabar kamfani. Sabar ta duba, ta rubuta cewa wannan lasisin yana kan wannan kwamfutar, ta ba da izini. Wannan shi ne kunna lasisi.

A tsarin Adobe, mutum ɗaya yana da gurbi biyu. Kana iya kunna lasisinka a kan kwamfuta biyu, misali ta gida da laftof, amma ba a yarda a yi aiki da su biyun a lokaci guda ba. Sannan manhajar haya tana neman ta gaisa da sabar kamfani duk bayan kwana 30 don ta tabbatar kana biya. Mai biyan shekara yana iya kaiwa kwana 99 ba intanet kafin ta tsaya, mai biyan wata-wata kuwa kwana 30 ne iyakarsa. Wannan ya shafe mu sosai, mu da ke tafiya dogon hutu ko SIWES a wuraren da ba a samun sabis mai kyau, ko kuma muke tsimin data.

Abubuwan da suka fi jawo kullewa a nan

Na farko shi ne fomatin. Kwamfuta ta fara nauyi, ka kai wa mai gyara, ya goge komai ya sa sabon Windows. Kai a wurinka kwamfutarka ce dai da ka sani. A wurin sabar kamfani kuwa sau da yawa baƙuwa ce, tsohon gurbin kuma yana nan a rubuce kamar har yanzu ana amfani da shi. Aka yi haka sau biyu, gurabenka sun cika, alhali kwamfuta ɗaya tal gare ka. Haka ma idan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira madabod, aka canza wani. Hoton yatsan ya canza ke nan.

Maganin wannan yana gaban gyara, ba bayansa ba. Kafin ka miƙa kwamfutar, buɗe manhajar da intanet a kunne, ka shiga Help. A tsofaffin sigogi za ka ga Deactivate, a na haya za ka ga Sign Out. Danna shi yana mayar maka da gurbinka, bai kai minti biyu ba. Idan kuwa kwamfutar ta riga ta mutu ko an sace ta, mai lasisin haya yana iya shiga asusunsa a shafin kamfanin ko da daga waya ne, ya duba jerin na'urorin da aka kunna, ya cire wadda ba ta nan. Mai tsohon lasisin dindindin kuwa yana iya neman ma'aikatan kamfanin, amma ba lallai su sakar masa gurbin ba.

Na biyu, kuma wanda ya fi ba mutane mamaki, agogo ne. Yawancinmu laftof na hannu muke saye, wanda ya riga ya sha aiki a wata ƙasa. A cikinsa akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo, aikinsa riƙe lokaci da kwanan wata idan an kashe kwamfuta. Idan ya mutu, kwamfutar sai ta farka tana ganin kamar shekara goma baya ake. Ita kuma hanyar da manhaja take magana da sabar kamfani tana dogara da wasu takardun shaidar tsaro masu ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwanan wata ya kauce, shaidar ta zama kamar ba ta fara aiki ba ko ta ƙare, sai a yanke maganar. Saƙon da za ka gani ba zai ambaci agogo ba, cewa zai yi an kasa samun sabar. Saboda haka kafin ka tayar da hankalinka, kalli kusurwar allonka ta ƙasa. Gyara rana da lokaci, ka tabbatar yankin lokacin na Najeriya ne, wato awa ɗaya gaba da agogon GMT. In ka ga kullum sai ka gyara, a canza batirin, ba shi da tsada.

Na uku, ragowar kirak. Sau da yawa kwamfutar da ka saya an taɓa sa mata manhajar sata, ko a inda ta fito ko a shagon da aka ce za a cika maka ita da kayan aiki. Masu yin kirak suna toshe hanyar da manhaja take bi zuwa sabar kamfani don kada a gane su. Ɗaya daga cikin wuraren da suke yin haka wani ƙaramin fayil ne mai suna hosts, wanda yake a C:\Windows\System32\drivers\etc. Ko an cire manhajar satar, wannan toshiyar tana nan. Sai kai da ka biya kuɗinka ka zo ka ɗora ta halak, ita ma ta kasa isa gida. Buɗe fayil ɗin da Notepad da izinin mai kula da kwamfuta, ka nemi layukan da ke ɗauke da sunan adobe, galibi suna farawa da 127.0.0.1 ko 0.0.0.0, ka goge su kaɗai, ka adana. In ba ka saba ba, ka nemi ɗan sashen kimiyyar kwamfuta ya tsaya a kanka, kada ka goge abin da ba shi ba.

Na huɗu, kati. Kuɗin haya da kansa yake fita daga katinka duk wata. Mun san yadda daga 2022 bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi tare da iyaka. Ko katin yana aiki, in babu isasshen kuɗi a ranar cirewa, ko wa'adin katin ya ƙare, biyan zai faɗi. Kamfani zai aiko da saƙo ta imel, wanda yawancinmu ba ma dubawa, sai dai kawai wata rana mu ga ƙofa a rufe.

Na biyar, imel da layin waya. Lasisin haya a jikin adireshin imel yake. Idan da imel ɗin makaranta ka yi rajista don samun rangwamen ɗalibai, ka tuna wannan adireshin ba lallai ya ci gaba da aiki bayan ka gama ba. Ranar da ka manta kalmar sirri, can za a tura maka lambar gyara. Haka layin waya, in ya ɓata ko aka rufe shi saboda ba a haɗa shi da NIN ba. Mu 'yan ajin ƙarshe, kafin mu gama kiliyarans, kowa ya shiga asusunsa ya mayar da shi kan imel da layin da zai riƙe har gaba. Shi ma rangwamen ɗaliban, farashin shekarar farko daban yake da na shekarar da ke biye, a karanta kafin a danna.

Lambar araha

Nan ne aka fi asara. A shaguna da kuma shafukan sada zumunta za ka ga masu tallar lasisi a kan kuɗin da bai kai na wata ɗaya a wurin kamfani ba. Wasu lambobin na wata makaranta ce ko wani kamfani da ya saya wa ma'aikatansa da yawa, aka sato ake raba wa jama'a. Wasu kuma mai sayarwar ne yake da asusun rukuni, ya sa ka a matsayin ma'aikacinsa. Zai yi aiki lafiya lau mako biyu, wata biyu, har ka kawo masa abokanka. Ranar da kamfani ya gano ya rufe lambar, ko shi mai asusun ya daina biya, ko ya cire ka ya sa wani, shi ke nan.

Na ga wata 'yar ajinmu da wannan ya faɗa wa saura kwana huɗu ta miƙa aikinta na hoton jarida. Ta kira wanda ya sayar mata, layin a kashe. Ta nemi kamfanin, tambayar farko da aka yi mata ita ce sunan wa lasisin yake. Ba nata ba ne, don haka babu abin da za su iya yi mata. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Tambaya uku sun ishe ka gane gaskiyar mai sayarwa. Lasisin zai fito da sunana da imel ɗina? Zan ga rasit daga kamfanin da kansa ko daga dilan da ya amince da shi? Ni kaɗai ke da kalmar sirrin? In amsar ɗaya ta zama a'a, ba saye ka yi ba, aro aka ba ka.

Abin da ya fi ƙarfin mai saye

Akwai kuma lokacin da ka yi komai daidai amma ƙofar ta rufe daga can. A ƙarshen 2012 Adobe ya kashe sabar da ke kunna lasisin CS2. Don waɗanda suka saya kada su rasa, sai ya fitar da wata siga da ba ta neman kunnawa, har labari ya bazu a duniya cewa Photoshop ya zama kyauta, kamfanin ya fito ya ce a'a, don masu lasisi kaɗai aka yi. Daga baya sabar CS3 da CS4 ma aka yi musu ritaya. Ma'ana, wanda yake da faifansa na asali da lambarsa ta gaskiya, in kwamfutarsa ta mutu yau, ba zai iya kunna su a sabuwa ta hanyar da aka saba ba. Kalmar dindindin ɗin tana da rai ne muddin sabar tana da rai.

A watan Oktoba na 2019 kuma, Adobe ya sanar da masu amfani da manhajojinsa a ƙasar Benezuwela cewa zai rufe asusunsu gaba ɗaya saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Masu ɗaukar hoto da masu zane da ba ruwansu da siyasa suka wayi gari sana'arsu tana lilo. Kafin wa'adin ya cika kamfanin ya samu izini daga gwamnatin Amurka ya ci gaba da hidima, amma darasin ya riga ya fito: kayan aikin haya, makullinsa yana hannun wani.

Fita ma tana da nata tarkon. Akwai tsarin da ake kira na shekara amma ana biya wata-wata. Mutane da yawa suna ɗauka na wata-wata ne. In ka soke cikin kwana 14 na farko za a mayar maka da kuɗinka. In ka wuce haka, za a caje ka rabin kuɗin watannin da suka rage. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Amurka ta kai Adobe ƙara kotu tana zarginsa da rashin bayyana wannan cajin yadda ya kamata da kuma wahalar da masu son sokewa. Don haka in furojek kawai za ka yi, wata biyu ko uku, ka lissafa da kyau. Tsarin wata-wata zalla ya fi tsada a kowane wata, amma kana iya tsayawa duk lokacin da ka so.

Idan za ka nemi kamfani

Ka shiga ta shafin kamfanin na asali kawai. Kada ka ɗauki lambar waya da ka gani a wani sharhi ko wani talla, 'yan damfara suna shiga rigar ma'aikatan taimako su nemi kalmar sirri ko lambar kati. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar kalmar sirrinka. Kafin ka fara magana da su, ka tanadi rasit ko lambar oda, imel ɗin da ka yi saye da shi, lambar lasisi in akwai, da hoton saƙon da manhajar ta nuna maka, musamman in akwai lambar kuskure a jiki. Ka faɗi abin da ya faru a jimla biyu: an canza mini madabod ranar kaza, ina so a saki tsohon gurbin. In an gama, ka nemi lambar ƙorafinka ka ajiye, don kada gobe ka sake labari daga farko.

Kare aikin ya fi kare manhajar

Lasisi in ya tafi ana iya sake saye. Hotunan da ka yi wata uku kana ɗauka ba sa dawowa. Fayilolin da ke cikin kwamfutarka naka ne ko lasisi ya ƙare, amma sai in suna cikin sigar da wata manhaja za ta iya buɗewa. Duk aikin da ka gama, ka fitar da kwafinsa a JPEG ko TIFF ban da PSD ɗin. Hotunan asali da suka fito daga kyamara, ka ajiye su a wuri biyu, ɗaya a wajen kwamfutar. Masu Lightroom Classic su sani cewa gyaran da suke yi ba a jikin hoton yake zama ba, a cikin kundin manhajar yake. In haya ta ƙare za ka iya ganin hotunanka ka fitar da su, amma sashen gyara zai rufe. Abin da ka ajiye a rumbun kamfani na intanet kuma, ka sauke shi tun kana da dama, don gurbin ajiyar yana raguwa sosai da zarar ka daina biya.

Sannan kowa ya kamata ya iya wata manhaja ta biyu, ko don ranar tsiya. GIMP kyauta ce, ba ta neman lasisi ko intanet, sigarta ta 3.0 ta fito a watan Maris na 2025. Photopea a cikin burauza take aiki, tana buɗe fayil ɗin PSD, kuma tsarinta ya yi kama da na Photoshop, sai dai tana buƙatar intanet kafin ta buɗe. Masu aiki da hotunan RAW suna da darktable da RawTherapee. Affinity kuma, wanda kamfanin Canva ya saya a 2024, ya zama kyauta tun ƙarshen Oktoban 2025, amma sai ka buɗe asusun Canva. Ba ina cewa duk sun kai Photoshop a komai ba, wani lokaci rubutu ko wasu gyare-gyare na PSD kan ɗan sauya in an buɗe a wata manhaja. Amma yanke hoto, gyara haske da launi, cire tabo, haɗa fosta, duk abin da furojek ɗinmu yake nema, suna yi. Ita waccan 'yar ajin namu da Photopea ta ƙarasa aikinta, ta miƙa a kan lokaci.

Ina kuma kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta yi magana da sassan da ke koyar da hoto da zane, a sa waɗannan manhajoji na kyauta a kwamfutocin ɗakin gwaji, a kuma riƙa nuna wa 'yan aji ɗaya yadda ake aiki da su. Ba ya cin ko kwabo, kuma zai rage yawan masu kai kuɗin abincinsu wurin masu lambar bogi.

Kafin difens

Ga wanda ya riga ya saya, yau ɗin nan ka nemo rasit ɗinka da lambar lasisinka, ka ɗauki hotonsu, ka tura wa kanka ta imel, ka kuma rubuta a takarda. Ka shiga asusunka ka ga kwamfuta nawa ke jikinsa da kuma ranar da za a sake cire kuɗi. Saura mako ɗaya difens, ka haɗa kwamfutar da intanet ka buɗe manhajar don ta sabunta izininta, sannan kada ka yarda a yi mata fomatin ko a canza mata wani abu sai an gama. In kuma gyaran ya zama dole, ka tuna da wannan dannawar guda ɗaya kafin ta bar hannunka. Allah ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.